Amosanin gaɓoɓi: tsakanin metotireksat da 'yan uwansa uku, wanne ya dace da wa?

Wanda amosanin gaɓoɓi ya kama, da safe yake sanin irin ciwon da ke jikinsa. Ya farka ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Gaɓoɓin tsakiyar yatsu da na wuyan hannu sun kumbura, sun yi ɗumi, dama da hagu duk ɗaya kamar an auna. Sai a yi awa guda, wani lokaci biyu, kafin su saki har ya iya ɓalle maɓallin riga. Ciwon gwiwar tsufa, wanda guringuntsi ke cinyewa saboda shekaru da nauyi, daban yake. A nan garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita baya, ta afka wa siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, fatar ta yi kauri ta shiga cin guringuntsi da ƙashi. Mata sun fi kamuwa, ninki biyu zuwa uku na maza. Abin da cutar ta cinye ba ya dawowa, kuma ɓarnar takan fara tun cikin shekara biyun farko.

Magungunan kashe zafi irin su ibufurofen da dikulofenak suna kwantar da raɗaɗi, amma ƙashin na ci gaba da zaizayewa a ƙarƙashinsu. Shi ya sa likitan gaɓoɓi, da zarar ya tabbatar da cutar, yake hanzarin ɗora mutum a kan ɗaya daga cikin magungunan da ke sauya akalar cutar ita kanta. Na baki guda huɗu ne aka fi farawa da su: metotireksat, salfasalazin, haidroksikulorokwin da lefulunomaid. A jikin kwali za a ga an rubuta su Methotrexate, Sulfasalazine, Hydroxychloroquine da Leflunomide.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: idan cutar ta yi ƙarfi, metotireksat ne ya kamata a fara da shi, sai dai in akwai wani dalili takamaimai a jikin majinyaci ko a rayuwarsa da ya hana. Dalilan kuwa ba su da yawa, kuma kusan dukansu ana iya karanto su daga yadda aka ƙera kowane sinadari. Wanda ya fahimci ƙirar, zai shiga ɗakin likita ya san tambayar da zai yi.

Metotireksat: jabun folik asid

Jiki na buƙatar folik asid domin ya ƙera kayan gadon halitta duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu gida biyu. Ƙirar folik asid kashi uku ce: kai mai zobe biyu haɗe da juna, da tsakiya mai zobe ɗaya, da wutsiya ta sinadarin gulutamet. Metotireksat ma haka yake, kai da tsakiya da wutsiya. Wuri biyu kacal suka bambanta. A jikin kan, inda folik asid ke da oksijin, an sa naitirojin ɗaya da haidirojin biyu. A gadar da ta haɗa kai da tsakiya kuma an ƙara kabon ɗaya da haidirojin uku. Wannan ɗan sauyi ya isa ya yaudari inzayim ɗin, wato sinadarin jikin, da ke sarrafa folik asid, wanda ake taƙaita sunansa da DHFR. Inzayim ɗin yakan karɓi metotireksat a zaton abincinsa ne, sai ya manne masa da ƙarfin da ya ninka na folik asid kusan sau dubu, kamar mabuɗin da ya shiga kwado ya karye a ciki.

Don haka aka fara amfani da dangin wannan magani a kan cutar kansa, wato ciwon daji, wadda ƙwayoyinta ke rabuwa ba tsayawa. A 1947 Dokta Sidney Farber, a birnin Boston na Amurka, ya ba yara masu kansar jini aminoterin, yayan metotireksat, wanda ayarin masanin sinadarai ɗan Indiya Yellapragada Subbarow ya haɗa. Cutar ta lafa na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba. A 1951 wani likita, Richard Gubner, ya gwada aminoterin a kan masu amosanin gaɓoɓi ya ga sauƙi, amma likitoci suka daɗe suna ɗari-ɗari da ba mai ciwon gaɓa maganin kansa. Sai a 1985 gwajin Michael Weinblatt da wasu irinsa suka kawar da shakka, a 1988 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta.

Wannan tarihi har yau yana tsorata mutane. Majinyaci ya koma gida, ya buɗe takardar cikin kwali ko ya duba intanet, ya ga kalmar kansa, sai ya ajiye maganin. Abin yana damuna ƙwarai, domin yatsunsa ne ke biyan kuɗin wannan tsoro. A wasu nau'o'in kansa giram-giram ake ɗura wa mutum ta jijiya a zama ɗaya. Mai amosanin gaɓoɓi kuwa miligiram 7.5 zuwa 25 yake sha a mako guda. A wannan ƙaramin adadi aikin maganin ma wani ne daban. Idan ya shiga cikin ƙwayar halitta, sai ta riƙa ƙara masa wutsiyoyin gulutamet, ɗaya bayan ɗaya, har ya yi tsawon da ba zai iya fita ba. A jini, cikin awa uku zuwa goma rabinsa ya tafi, amma wanda ya maƙale a cikin ƙwayoyin halitta yakan yi makonni. A can yake toshe wani inzayim na daban, abin da ke sa sinadarin adenosin ya taru ya fito waje, shi kuma adenosin sanyaya kumburi yake yi. Masana da dama na ganin nan ne mafi yawan amfanin yake. Wata alama da ke goyon bayansu ita ce, idan aka ba majinyaci folik asid tare da maganin, tashin zuciya da gyambon baki da tashin alƙaluman hanta suna raguwa, amfanin maganin kuma bai cika raguwa ba.

Daga wannan maƙalewa ne dokar da ta fi kowace muhimmanci ta fito. Sau ɗaya ake shan metotireksat a mako. Rana ɗaya, a tsayar da ita, a rubuta ta a jikin kwali. Ƙwayoyin ƙanana ne, rawaya, galibi miligiram 2.5 kowace, wanda aka rubuta wa miligiram 15 zai ƙirga shida a tafin hannunsa ya sha ranar Litinin, misali, sai kuma wata Litinin ɗin. Wanda ya ɗauka maganin kullum ne, ya sha kwana bakwai ko goma a jere, maganin zai taru ya kashe ɓargo, jini ya ƙare, baki da hanji su yi gyambo. An rasa rayuka ta wannan hanya a ƙasashe da yawa, har hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar da sababbin matakan gargaɗi a kansa a 2019. Akwai kuma ƙwaya mai miligiram 10 da ke kama da mai 2.5, saboda haka duk lokacin da aka karɓo sabon kwali a duba lambar kafin a ƙirga shidan da aka saba. Folik asid ɗin kuma, idan na mako-mako ne mai miligiram 5, a ba shi tasa ranar daban.

Ƙoda ce ke fitar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na maganin, bai ma sauya kama ba. Duk abin da ya raunana ƙoda yana tara shi: tsufa, ciwon suga da ya daɗe, ko amai da gudawa na kwana biyu da suka busar da jiki. Wanda ranar shan maganinsa ta zo yana cikin irin wannan hali, ya dakata ya tuntuɓi likita. Akwai kuma haɗin da bai kamata a yi ba sam, wato metotireksat da Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi ma Septrin hanyar folik asid yake toshewa, in suka haɗu ɓargo ba ya jurewa. Duk wanda zai rubuta wa majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko na ciwon mara ne kawai, a faɗa masa ana shan metotireksat.

Hanta ma tana ɗaukar nauyi, musamman ga mai shan giya, ko mai kitse a hanta, ko mai ɗauke da cutar hanta ta B ko C. Saboda haka kafin a fara ake gwada jini da hanta da ƙoda, a ɗauki hoton ƙirji, sannan a maimaita gwajin jini duk mako biyu zuwa huɗu a watanni ukun farko, daga baya a koma duk wata biyu zuwa uku. Alamun da ba a jira da su: zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, gyambo a baki, jini na kwanciya a ƙarƙashin fata ba tare da an bugu ba, ido ya yi rawaya, ko busasshen tari mai zuwa da sarƙewar numfashi. Wannan na ƙarshe ba kasafai yake faruwa ba, amma kumburin huhu ne da kan iya kisa.

Da duk wannan, me ya sa nake fifita shi? Domin a cikin huɗun shi ne ya fi haɗa abubuwa uku: yana kwantar da kumburi cikin mako uku zuwa goma sha biyu, hoton ƙashi yana nuna ya rage zaizayar gaɓa, kuma majinyata sun fi daɗewa a kansa shekara da shekaru ba su daina ba. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka a ƙa'idojinta na 2021, da takwararta ta Turai, duk shi suka sa a gaba ga mai cuta matsakaiciya ko mai tsanani. Haɗarinsa sananne ne, an san inda yake ɓuya, kuma gwajin jini na gano mafi yawansa tun bai yi nisa ba.

Salfasalazin: magani biyu da aka ɗaure da igiya ɗaya

Wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ita ta ƙirƙiro wannan a ƙarshen shekarun 1930 tare da kamfanin Pharmacia. A lokacin ana zaton ƙwayoyin bakteriya ne ke haddasa amosanin gaɓoɓi. Sai ta ɗauko maganin kashe bakteriya na dangin salfa, wato salfapiridin, ta ɗauko ɗan uwan asfirin mai kwantar da kumburi, ta ɗaure su da gada ta naitirojin biyu. Zaton da ta gina aikin a kai bai tabbata ba, amma maganin ya yi aiki. Zuwan kotizon a 1949 ya sa aka yi watsi da shi a fagen gaɓoɓi, ya koma maganin gyambon babban hanji, sai a ƙarshen shekarun 1970 likitoci a Ingila suka dawo da shi.

Irin gadar nan ta naitirojin biyu ita ce a cikin rini da yawa, shi ya sa ƙwayar take ruwan lemo. Fitsarin mai shan ta yakan koma rawaya mai duhu ko ruwan lemo, wani lokaci har gumi da hawaye, ya ɓata farar riga ko gilashin da ake mannawa a ido. Ba jini ba ne, ba kuma ciwon hanta ba, amma wanda ba a faɗa wa ba zai firgita ranar farko.

Cikin mutum ba ya iya tsinka gadar. Mafi yawan maganin yakan wuce har babban hanji, a can bakteriyar da ke zaune a wurin su yanke igiyar. Ɓangaren asfirin ya tsaya a hanji, shi ke warkar da gyambon hanji. Ɓangaren salfa kuma ya shiga jini, shi ake ganin yana yi wa gaɓoɓi aiki, kuma shi ne tushen yawancin illolin. Hanta ce ke sarrafa shi, wasu mutane kuma a gadonsu hantar tana yin wannan aiki a hankali, su ne suka fi kukan tashin zuciya da ciwon kai da rashin cin abinci. Don haka ake hawa da shi mataki-mataki: ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 a rana a makon farko, a riƙa ƙara ɗaya duk mako har a kai giram biyu, wani lokaci uku. Ƙwayoyi huɗu zuwa shida ke nan, manya, kowace rana. Ga wanda ba ya son haɗiyar magani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙarfinsa yana ƙasa da na metotireksat kaɗan, amma shi ma yana kare ƙashi. Babbar darajarsa ita ce mace na iya shan sa tana da juna biyu, tare da folik asid miligiram 5 kullum, tana kuma iya shayar da jaririn da aka haifa lafiyayye a kan lokaci. Ga namiji kuwa labarin ya juya: yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarinsu. Abin yana komawa daidai wata biyu zuwa uku bayan an daina, amma magidancin da ke neman haihuwa ya cancanci a gaya masa kafin a rubuta. Wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa ko asfirin, kada ya kusance shi. Mai ƙarancin inzayim ɗin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin maza 'yan asalin Afirka da yankin Bahar Rum da wasu sassan Asiya, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya fashewa, saboda haka gwajin nan ya dace a yi shi tukuna. Fararen ƙwayoyin jini ma na iya faɗuwa farat ɗaya, galibi a watanni uku zuwa shida na farko, don haka shi ma ba ya rabuwa da gwajin jini a farkon tafiya.

Haidroksikulorokwin: mai sauƙin hali, mai jinkiri

Kowa ya san kulorokwin, wanda Hans Andersag ya haɗa a kamfanin Bayer na Jamus a 1934. An ɗauki kulorokwin aka ƙara masa oksijin ɗaya da haidirojin ɗaya a ƙarshen wutsiyarsa, ya zama haidroksikulorokwin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1955, ana kuma sayar da shi da sunan Plaquenil. Ɗan ƙarin nan ya rage masa dafi, musamman ga ido. Saboda haka kada wanda aka rubuta wa wannan ya ce ai kulorokwin ma ɗaya ne.

A cikin ƙwayoyin garkuwar jiki akwai ƙananan jakunkuna masu tsami inda ake narkar da abin da ƙwayar ta haɗiye. Wannan magani ɗan kanwa-kanwa ne a ɗabi'arsa. Yana ratsa bangon jakar cikin sauƙi, da ya haɗu da tsamin sai ya ɗauki caji ya kasa fita. Ya taru a ciki, ya rage tsamin, sai na'urorin da ke kaɗa wa garkuwar jiki ƙararrawa su yi sanyi. Bai kashe garkuwar ba, sassauta ta ya yi, shi ya sa ba ya jawo kamuwa da cututtuka, ba ya kuma buƙatar gwajin jini a kai a kai. Yana da kyau ga mai juna biyu da mai shayarwa. Yana ɗan rage suga da kitsen jini. A cutar lufus, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita baya, shi ne ginshiƙi, kusan kowane majinyaci ake so ya kasance a kansa. (Masu lufus sun sha wuya a 2020, lokacin da aka yi rububin sayen sa don korona, alhali manyan gwaje-gwaje daga baya sun nuna ba ya maganin ta.)

To amma a amosanin gaɓoɓi shi ne mafi rauni a cikin huɗun. Yakan ɗauki wata biyu zuwa shida kafin a ji shi, kuma ba a samu tabbacin cewa shi kaɗai yana hana ƙashi zaizayewa ba. Nan ne nake ganin ake yin kuskure: mutum mai gaɓoɓi goma a kumbure, gwajin jininsa na nuna cuta mai ƙarfi, ya zaɓi wannan don ya ji an ce ba shi da illa, ya yi shekara yana jira. Ƙa'idojin Amurka na 2021 ga mai cuta mara ƙarfi kawai suka fifita shi.

Illarsa kuma a ido take, tana zuwa a ɓoye. Maganin yana son manne wa sinadarin launi da ke bayan ido, ya yi shekaru yana taruwa, ya lalata wani zobe da ke kewaye da tsakiyar gani. Kafin mutum ya lura, ɓarnar ta yi nisa, ba ta gyaruwa, tana ma iya ci gaba bayan an daina sha. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka a 2016 ta sa iyaka: kada a wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ƙwayar miligiram 200 ce. Mace mai kilo 60 iyakarta 300, ke nan ƙwaya biyu kullum ta yi mata yawa, sai dai yau ɗaya gobe biyu. Idan an kiyaye iyakar, haɗarin bai kai ɗaya cikin ɗari ba a shekara biyar na farko, bai kai biyu ba a shekara goma, amma bayan shekara ashirin yana kusantar ashirin cikin ɗari. Ana duba ido a farko, sannan duk shekara daga shekara ta biyar, da na'urar da ke ɗaukar hoton bayan ido, domin karanta haruffa a allo ba ya gano shi. Mai raunin ƙoda, ko mai shan tamoksifen na kansar nono, a fara duba nasa da wuri. Wanda kulorokwin ke sa wa ƙaiƙayi ya faɗa wa likita, haka mai matsalar bugun zuciya. A kuma ɓoye shi daga yara, domin ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro.

Lefulunomaid, baƙon da ba ya tafiya da wuri

Shi ne ƙaraminsu, a 1998 ya fito da sunan Arava. Yadda aka haɗiye shi ba ya aiki, sai zobensa ɗaya ya buɗe a bangon hanji da hanta ya zama terifulunomaid, wanda ke hana ƙwayoyin garkuwa da suka harzuƙa ƙera kayan da za su hayayyafa da su. Ƙarfinsa ya yi kusa da na metotireksat, miligiram 10 zuwa 20 ne sau ɗaya a rana, ba ruɗanin mako-mako. Yana kawo gudawa, zubewar gashi, hawan jini, kuma yana taɓa hanta.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne, hanta ta zubar da shi cikin hanji, hanji ya sake tsotse shi ya mayar jini, haka yake ta zagaye. Bayan an daina sha yana iya kai wa shekara biyu a jiki. Idan illa ta taso, ko mace ta so ɗaukar ciki, sai an wanke shi da garin kolestairamin, giram 8 sau uku a rana har kwana 11, sannan a auna jini a tabbatar ya fita. Ban ga dalilin ba matashiyar da ba ta gama haihuwa ba wannan magani in akwai wani zaɓi.

Idan aka ɗora su a kan mutum

Tambayar farko ga mace ita ce ta haihuwa. Metotireksat yana zubar da ciki, yana kuma nakasa ɗan tayi, dole a haɗa shi da tsarin hana ɗaukar ciki mai inganci. Idan ana son haihuwa, ƙa'idojin likitoci na yanzu suna cewa a daina wata ɗaya zuwa uku kafin nan, takardar cikin kwali a wasu ƙasashe kuma har wata shida take cewa. Mace mai shirin ciki cikin shekara mai zuwa, salfasalazin da haidroksikulorokwin, tare ko ɗaya, su ne nata. Abin da ba shi da kyau shi ne ta ajiye magani gaba ɗaya, domin cutar da ke ci ita ma tana wahalar da samun ciki da rainonsa. Namiji mai neman haihuwa kuwa salfasalazin ne matsalarsa. Game da metotireksat, sababbin ƙa'idoji ba sa tilasta wa namiji dainawa, ko da yake takardar kwali tana gargaɗi, saboda haka wannan magana ce da zai zauna da likitansa a kai.

Mai ciwon hanta, ko wanda ya san ba zai iya barin giya ba, metotireksat da lefulunomaid duk sun yi masa nauyi. Gara ya faɗi gaskiya a ba shi salfasalazin. Wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, metotireksat ya fita daga lissafinsa, sauran ma sai an rage adadi an sa ido. Dattijon da ke mantuwa, ko mai shan magunguna takwas a rana, zan fi natsuwa idan wani a gidan ne ke riƙe da kwalin metotireksat yana ba shi a ranar da aka tsayar. In babu mai yin haka, maganin kullum ya fi masa aminci.

Sai wanda ba zai iya zuwa gwajin jini a kai a kai ba. Haidroksikulorokwin ne kaɗai ke tafiya ba gwajin jini, amma idan cutar mai ƙarfi ce ba zai riƙe ta ba. A irin wannan hali na fi son a yi ƙoƙarin daidaita gwajin, ko da an haɗa shi rana ɗaya da karɓar magani, a kan a sauka zuwa magani mai rauni. Salfasalazin yana da wani sauƙi a nan: haɗarinsa ga jini a farko ya fi yawa, idan aka wuce shekara guda lafiya ana sassauta gwajin.

Duk wanda aka zaɓa, akwai ma'auni. Idan wata uku ya cika kumburin bai ragu da rabi ba, ko wata shida ya cika cutar ba ta kwanta ba, a sauya wani abu. Sau da yawa ba a ba metotireksat haƙƙinsa ba ake cewa ya gaza: an bar mutum a kan miligiram 7.5 ko 10 wata da watanni. Ya kamata a kai shi 15 cikin mako huɗu zuwa shida, a wuce in da buƙata. Daga 15 zuwa sama hanji ba ya iya tsotse duk abin da aka ba shi, saboda haka allurar ƙarƙashin fata, ita ma sau ɗaya a mako, takan yi aikin da ƙwaya ta kasa, ta kuma rage tashin zuciya ga wasu.

Idan hakan bai isa ba, ba dole ne a jefar da shi ba. A 1996 James O'Dell da abokan aikinsa a Nebraska sun nuna cewa haɗa metotireksat da salfasalazin da haidroksikulorokwin ya fi metotireksat shi kaɗai. A 2013 wani gwaji na mako 48 ya kwatanta wannan haɗi na uku da metotireksat haɗe da allurar etanasept, ɗaya daga cikin sababbin magunguna masu tsada, bai kuma sami haɗin ukun a baya ba ta fuskar kwantar da cuta. Wahalarsa yawan ƙwayoyi ne, mutane da dama sukan gaji su bari. Allurorin zamani sun fi saurin aiki, amma kafin a fara su wajibi ne a bincika tarin fuka da ke kwance a jiki da cutar hanta ta B, domin suna iya tayar da su.

Firedinisolon kuwa, maganin kumburi na dangin kotizon wanda ake yawan haɗawa a farko, gada ce kawai ta tsallake makonnin da ake jiran babban maganin ya kama. Yana sa mutum ya tashi garau cikin kwana biyu, shi ya sa yake da wuyar rabuwa. Ana so a janye shi a hankali cikin kamar wata uku. Wanda ya zarce da shi shekaru, fuska ta kumbura, suga da hawan jini su shigo, ƙashin baya ya yi laushi. Idan an kasa sauka daga kansa ba tare da gaɓoɓin sun sake kumbura ba, wannan alama ce cewa maganin da ke ƙasa bai isa ba, shi za a ƙara ko a sauya.